Albarushi Nawa Ne Ya Isa? Fashin Baƙi Kan Ɗurin Harsashi da Abin da Ke Fasa Bindiga

A Amurka mutum zai iya shiga kanti ya sayi kwanson harsashi daban, albarushi daban, kan harsashi daban, ya koma gida ya harhaɗa su a kan teburinsa, kuma dokar tarayyar ƙasar ba ta neman ya yanki lasisi muddin don amfanin kansa ya yi. A Jamus ma ana yi, sai dai can sai mutum ya yi kwas, ya ci jarrabawa, kafin a ba shi takardar izinin riƙe albarushi. Mu a Zamfara da Kebbi ba mu da wannan aiki, doka ma ta hana shi, amma muna da yayansa: maharbin da ke zuba albarushi a tafin hannu ya ɗura wa bindigar toka, da 'yan bindigar sarki da ke turnuƙe gari da hayaƙi ranar hawan salla. Da Baturen da ke zaune gaban sikeli da maharbin dajin Dansadau, tambaya ɗaya suke amsawa: nawa ne ya isa, kuma daga ina ya fara yin yawa? Shi Bature yana da littafin da aka rubuta daga awon na'ura. Namu kuwa abin da ya gani a hannun mahaifinsa ne, sai kuma abin da kafaɗarsa ta gaya masa bayan ya ja kunama.

Ba za a ga adadin ɗuri ko ɗaya a wannan rubutu ba, kuma da gangan ne. Adadi ba shi da ma'ana sai an san ainihin albarushin, da kwanson, da nauyin kan harsashin, da bindigar da aka gwada shi a ciki. Lambar da aka tsinta a bakin wani ta fi rashin sani haɗari, domin tana sa mutum ya saki jiki.

Abu huɗu ne ke cikin harsashin zamani. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne. A gindinsa akwai ɗan ƙaramin makunni, wanda allurar bindiga ke daka ya ba da tartsatsi. A cikin kwanson akwai albarushi, a bakinsa kuma kan harsashin, shi ne kaɗai ke fita ya tafi. Idan albarushin ya kama, sai ya rikiɗe ya zama iska mai tsananin zafi a wurin da bai kai girman ɗan yatsa ba. Iskar nan tana tura ko'ina daidai wa daida: gaba, baya, da gefe. Gefe ƙarfen bututu ne, baya makullin bindiga ne da fuskar mai harbi, gaba kuma kan harsashi. Duk hikimar bindiga ita ce a tabbatar gaban ne ya fi sauƙin buɗewa. Ranar da gefe ko baya ya fi gaba rauni, ranar ake cewa bindiga ta fashe.

Duk wannan yana faruwa ne cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. A ɗan wannan lokaci harsashin raifil irin .308 Winchester yana tashi daga tsaye ya kai gudun fiye da mita 800 a daƙiƙa guda. Ƙungiyar masu ƙera makamai ta Amurka, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta ƙayyade iyakar matsin wannan harsashi a kan psi 62,000. Shi ne awon da mai faci ke dubawa a geji idan yana ba taya iska, kuma tayar ƙaramar mota ba ta wuce talatin da 'yan kai. Ke nan abin da ke cikin bututun raifil, kusa da kumatun mai harbi, ya kusa ninka iskar taya sau dubu biyu. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake saka wa jan kwanson roba, tata iyakar psi 11,500 ce. Ita ma ba abin wasa ba ce, amma tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ta isa ta nuna cewa kowace bindiga da nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka.

Albarushi biyu ne, ba ɗaya ba

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne ya fi shafar mutanenmu. Albarushin da kakanninmu suka sani, na gawayi da farar wuta da gishirinsa, ya yi ɗaruruwan shekaru shi kaɗai ne a duniya. Idan ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, toka da hayaƙi yake zama. Wannan ne ya sa filin hawan salla ke yin fari fat, kuma shi ya sa bututu ke cika da dauɗa bayan 'yan harbe-harbe. Rauninsa ne ya zama rufin asirin masu amfani da shi. Tun da ƙarfinsa bai kai ya kawo ba, ana iya auna shi da ƙaho ko ɗan gwangwani ko murfin kwalba, kuma in an ɗan zarce kaɗan, sau da yawa abin da zai biyo baya shi ne naushi a kafaɗa da ƙarin hayaƙi. Sau da yawa na ce, ba kullum ba. Shi ma yana fasa bindiga idan an cika shi, ko bututun ya ruɓe.

A 1884 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi, wanda asalinsa auduga ce da aka sarrafa da asid. Bayan shekara biyu sojojin Faransa suka fara riƙe bindigar Lebel da aka ƙera dominsa. Alfred Nobel ya fito da nasa a 1887, Ingila ta bi baya da wanda ake kira kodait a 1889. Albarushi marar hayaƙi kusan dukkansa yana zama iska, kuma a nauyi ɗaya ya ninka tsohon albarushi ƙarfi kusan sau uku. Ƙasarmu ta ɗanɗana zamanin harsashi mai kwanso tun da wuri. A watan Fabrairun 1903, a Kwatarkwashi, rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato ta yi karo da wani ɗan ayarin sojan Ingila da bai kai mutum hamsin ba. Dawakai suka yi ta kai sukuwa suna dawowa, Waziri Ahmadu ya kwanta dama a wurin. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a ranar. Bindigar da ake ɗura wa ta gindi a harba cikin ƙiftawar ido ce ta raba gardama.

Halin sabon albarushin shi ne abin lura. Idan aka zuba shi a ƙasa aka kunna, ci yake yi kamar bai damu ba, har mutum ya raina shi. Idan aka kulle shi a bututu kuwa, labari ya sauya: matsi yana ƙara masa saurin ci, saurin ci yana ƙara matsi, haka suke ingiza juna har kan harsashi ya matsa gaba ya ba su fili. Saboda haka ƙarin albarushi kaɗan ba ya kawo ƙarin matsi kaɗan. A kusa da iyaka, ɗan abin da ido ba zai ma lura da shi ba yana iya ɗaga matsin da dubban psi.

Kuma shi kansa ba iri ɗaya ba ne. Kamfanoni irin su Hodgdon a Amurka da Vihtavuori a Finlan da Norma a Suwidin suna sayar da iri-iri masu yawa, an jera su daga mai saurin ci zuwa mai jinkiri. Girman ƙwayar, da siffarta, da abin da aka shafe ta da shi, su ke yanke saurin. Ƙaramar bindigar hannu da bindigar farauta mai jan kwanso suna amfani da mai saurin ci. Raifil mai dogon bututu da harsashi mai nauyi yana son mai jinkiri, wanda zai yi ta turawa har bakin bindiga. A ɗura mai saurin ci a kwanson raifil da adadin mai jinkiri, to bindiga ta zama bam. Wannan kuskure sananne ne a wurin masu wannan aiki, shi ya sa ƙa'idarsu ita ce gwangwani ɗaya tak ake ajiyewa a kan tebur lokacin ɗuri, kuma albarushin da takardarsa ta ɓace zubar da shi ake yi, komai tsadarsa.

To, a dawo gida. Mafi munin abin da mai bindigar toka zai yi shi ne ya farke jan kwanso ko harsashin da ya tsinta, ya juye abin cikinsa a adakarsa don ta ƙara ƙarfi. Abin da ke yaudarar mutane shi ne launi. Albarushi marar hayaƙi yawanci baƙi ne ko toka-toka, saboda ana shafe shi da baƙin sinadari irin na bakin fensir, don haka a ido ɗan'uwan na gargajiya ne. Mutum zai ɗauki ma'aunin da ya saba, ya cika shi kamar kullum, alhali ya zuba abin da ya ninka ƙarfin da bututunsa zai iya ɗauka. Ko bindigogin ɗuri ta baki da manyan kamfanonin waje ke ƙerawa da ƙarfe mai kyau, ana buga musu gargaɗi a jikin bututu cewa albarushin gargajiya kawai za a zuba. Ina ga wadda aka yi da bututun ruwa, aka toshe gindinta da walda? Cakuɗa biyun ma ba mafita ba ce. Babu wanda ya taɓa auna abin da cakuɗin zai yi, kuma ba a yin "rabi da rabi" da abin da ba a san halinsa ba.

Yadda mai ɗuri ke hawa tsani

Aikin ɗurin harsashi a gida ya bunƙasa a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1947 Bruce Hodgdon ya sayi rarar albarushin soja ya fara sayar wa jama'a da araha, ga kuma kwansuna birjik. Wasu arha ce ta ja su, wasu neman harsashin da ya fi dacewa da bindigarsu, wasu kuma suna da tsohuwar bindigar da aka daina yi wa harsashi. Amma ko a can, mai hankali ba ya ƙirƙirar adadi da kansa. Kamfanonin albarushi da na kan harsashi, irin su Hornady da Sierra da Speer, suna da ɗakunan gwaji da bututu na musamman mai na'urar awo. A da wani ɗan guntun jan ƙarfe ake sakawa, matsi ya danne shi, a auna yadda ya gajarce. Yanzu na'urar lantarki ce ke zana yadda matsin ya hau ya sauka. Daga nan suke buga jadawali: kwanso kaza, makunni kaza, kan harsashi mai nauyi kaza, albarushi kaza, ga inda za a fara, ga inda ba a wucewa. Mai ɗuri a gida ba shi da na'urar auna matsi. Aron idon ɗakin gwaji yake yi.

Awon da suke yi da shi sunansa giren. Giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15. Sikelin mai ɗuri yana rarrabe kashi ɗaya bisa goma na giren. Wannan ya kai inda numfashin mutum ko iskar fanka ke motsa allurar sikeli.

Daga ƙasa ake farawa. Idan jadawali ya ba da iyaka kawai, ƙa'idar da aka saba ita ce a rage kashi goma cikin ɗari a fara daga nan. Sai a ɗura 'yan ƙalilan, a ƙara ɗan mitsitsi a ɗura wasu 'yan ƙalilan, a rubuta komai, a je fili a harba su bi da bi daga mafi rauni, ana duba kowane kwanso kafin a taɓa na gaba. Me ya sa ba za a tafi kai tsaye ga iyakar ba, tun da masana ne suka gwada? Saboda a bututunsu suka gwada. Bindiga biyu da suka fito daga kamfani ɗaya a rana ɗaya suna iya bambanta a faɗin ɗakin harsashi da matsewar bututu. Kwanson wani kamfani ya fi na wani kauri, kauri kuma yana rage fili a ciki, ƙarancin fili yana ɗaga matsi. Idan an tura kan harsashi ciki fiye da kima, fili ya ragu. Idan an bar shi ya yi tsawo har ya dafa zaren bututu, wato layukan da aka sassaƙa a cikinsa, ba shi da wurin ɗaukar gudu kafin ya ci karo da turjiya, matsi ya sake hawa. Kwanson da aka harba sau da yawa yana miƙewa, bakinsa ya shige inda bai kamata ba ya shaƙe kan harsashi, sai an datse shi. Ko albarushi mai suna ɗaya, buhun bana yana iya ɗan bambanta da na bara. Saboda haka duk abin da aka sauya, ko makunni ne, sai a sauko ƙasa a sake hawa. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, in ba haka ba mutum ba zai san wanne ne ya kawo canjin ba.

Akwai alamun da ake dubawa: makunnin da ya baje ya cika raminsa ko ya huje, makullin bindiga da ya yi tauri wajen buɗewa, tabo mai sheƙi a gindin kwanso inda tagulla ta fara malala cikin ramukan ƙarfe, da zobe mai haske kusa da gindi da ke nuna kwanso na shirin rabewa biyu. A ganina an fi ba waɗannan alamu girman da ba su kai ba. Tagulla ba ta fara nuna gajiya sai matsi ya riga ya wuce iyaka, wani lokaci da nisa. Ganin alama yana nufin a tsaya a koma baya, amma rashin ganinta ba shaidar lafiya ba ce. Shi ya sa masu tsantseni ke ƙarawa da na'urar auna gudun harsashi. Idan gudun ya zarce abin da jadawali ya nuna, to matsi ma ya zarce, ko da kwanso ya fito sumul. Ba a samun gudu kyauta.

Wannan magana ita ce amsar abin da ake yawan ji a bakin maharba: "Ai bindigata ta saba." Ƙarfe ba ya sabo, gajiya yake yi. Kowane ɗurin da ya wuce kima yana barin 'yar tsaga da ido ba ya gani, ta yi ta girma, har ranar da ɗuri na yau da kullum zai ƙarasa ta. Sai a ce tsautsayi ne, ko an yi wa mutum asiri, alhali bututun ya daɗe yana ƙirga bashi.

Sai zafi, wanda mu ya fi shafa. Albarushi mai zafi ya fi saurin kamawa, matsinsa ya fi hawa. Turawan Ingila sun koyi wannan a Afirka da Indiya, inda harsashin kodait da ke lafiya lau a sanyin Landan yake maƙalewa a bindiga idan rana ta take. Dole kamfanoninsu suka riƙa yin ɗuri na musamman mai rangwame don ƙasashe masu zafi, kuma harsashin .416 Rigby na 1911 an yi masa ƙaton kwanso ne don matsin ya zauna ƙasa. A Gusau ko Birnin Kebbi, tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tazarar ba kaɗan ba ce. Harsashin da aka bari a gaban mota a rana, ko a cikin bututun da ya yi zafi da harbi, ya fi haka ɗumi. Wannan ya shafi har mai lasisin da ke sayen harsashin kamfani.

Ƙarancin albarushi ma yana da nasa sharrin. Idan an manta ba a zuba ba, ko ya jiƙe, makunni kaɗai yana iya tura kan harsashi ya shiga bututu ya tsaya a tsakiya. Mai harbi ya ji ƙara 'yar ƙarama, bai kula ba, ya sake sakawa ya harba, na biyu ya tarar da hanya a toshe. A bindigar toka toshewa tana zuwa ta hanyoyi da yawa. Akwai laka idan bakin bindiga ya caki ƙasa a fadama. Akwai zanzaro, wanda ba ya ganin rami a bindigar da aka rataye a bango tun bara ya ƙyale shi. Akwai ɗuri kan ɗuri: ana tsakiyar hawa, ga kiɗa ga guɗa ga ƙarar bindigogi ashirin, mutum ya ja kunama bai san tasa ba ta tashi ba, ya sake zubawa a kan na farko. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: a yi wa sandar ɗuri alama a inda take tsayawa idan bututu ba komai, a riƙa dubawa kafin a zuba. Akwai kuma barin fili tsakanin albarushi da abin da aka ɗora masa, wanda ke kumbura bututu ko ya fasa shi. Bindigar da aka ja ta ƙi tashi ba a leƙa bakinta, ba a juya ta wajen mutane, domin wuta tana iya yin jinkiri ta kama daga baya. Kuma ba a zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho ko gora zuwa bututun da aka harba yanzu, saboda ɗan garwashin da ya rage a ciki zai bi zubin ya hau har hannu. Tokar albarushin gargajiya tana jan laima, tana cin ƙarfe daga ciki, don haka bindigar da aka ajiye ba wanki bayan salla tana iya sheƙi a waje alhali cikinta ya zama rariya.

Gwaji, doka, da dalma

Yawancin bindigogin fatauci da suka shigo Afirka ta Yamma a ƙarnonin baya daga Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙero su, kuma garuruwan nan biyu su ne suka yi suna da gidan gwajin bindiga. Na Birmingham majalisar dokoki ce ta kafa shi a 1813, yana aiki har yau. Tsarin mai sauƙi ne: kafin a sayar da bindiga, a ɗura mata abin da ya fi na kullum ƙarfi, a harba ta daga nesa a ɗaki mai kauri, a duba ta, in ta tsira a buga mata hatimi. A 1914 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa ta C.I.P. a Liyej don ƙasashe su amince da hatimin juna. A ƙa'idarta ana gwada raifil da harsashin da matsinsa ya ɗara na kullum da kashi 25 cikin ɗari. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinta.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu sai da izinin shugaban ƙasa. Na farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki, wato su bindigar toka, kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da nasu. Ƙera harsashi ko harhaɗa shi kuwa an keɓe shi ga ma'ajiyar makamai ta gwamnati da masana'antar soja, irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, kuma wanda aka kama yana yi ɗaurin da ke jiransa ba ya gaza shekara goma. Ke nan abin da yake halal a Amurka, a Gusau laifi ne babba, kuma a jihar da ɓarayin daji suka hana mutane noma ba na jin akwai mai hankalin da zai nemi a sassauta wannan.

Inda nake ganin giɓi daban ne. Dokar nan ta yarda da bindigar toka, har ta buɗe ƙofar ba maƙeri izinin ƙera ta da gyara ta. Amma maƙerin ba shi da wurin da zai kai bututu a gwada masa. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga don kare kansu, shugabannin tsaro suka ce gwamna ba shi da wannan hurumi, aka yi ta ka-ce-na-ce. Duk muhawarar a kan wa zai riƙe bindiga ta tsaya. Lafiyar bindigogin da tuni suke hannun maharba da 'yan bindigar fada ba ta samu shiga ba. Masarautu suna da sarakunan maƙera da shugabannin maharba, kuma sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Duba bututu kafin kowace salla, da ajiye wanda tsatsa ta cinye, da hana albarushin kwanso shiga jerin gwano, abubuwa ne da fada za ta iya tsayawa a kansu ba tare da jiran Abuja ba.

Saura dalma, wadda ba ta ƙara ba ta hayaƙi. Zamfara ba ta bukatar a yi mata bayanin gubarta. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Sunayen Bagega da Dareta da 'Yargalma sun zaga duniya a dalilin haka. Dalmar da ake narkawa a yi harsashi ita ce dai wannan dalmar. Tana narkewa a digiri 327, zafin da murhun gawayi ke kaiwa cikin sauƙi, shi ya sa ake raina aikin a yi shi a tsakar gida, wani lokaci da dalmar tsohon batir, wani lokaci a cikin gwangwanin da zai koma hannun yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Masu ɗuri a ƙasashen waje suna narka ta a waje inda iska ke kaɗawa, ba sa ci ba sa sha a wurin, suna wanke hannu da sauya tufafi kafin su shiga cikin iyali.

Tana bin nama kuma. Harsashin dalma yana farfashewa a jikin dabba, ɓarɓashin da ido ba ya gani ya bazu nesa da inda ya shiga, dafuwa kuma ba ta kashe shi. Ƙwayoyin da suka zube a ruwa agwagin daji suna haɗiye su a matsayin tsakuwa. Wannan ne ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Denmak kuma ta hana ƙwayoyin dalma gaba ɗaya a 1996. Sai dai maharbin fadamar Argungu ko Yauri ba zai ce bari ya koma ƙwallayen boris ko guntayen ƙusa ba, domin ƙarfe ba ya lanƙwasa ya bi bututu yadda dalma ke yi, yana ƙarce shi, yana iya cijewa a ciki. Abin da ke hannunsa shi ne ya yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi ya binne shi inda kare da kaji ba za su tono ba, kuma kada ya kai wa mai ciki ko yaro ƙarami wannan ɓangaren.